Ayarin da Ba Ya Tsayawa

Mutumin da ya fara yi mini sallama a Amurka shi ne kuma ya fara cutata. Na fito daga filin jirgin JFK ina jan akwati, sanyi na cin kunnuwana, sai na ji an ce, "Salamu alaikum, ɗan'uwa, ina zuwa?" Jin Hausa a wannan wuri ya sa hankalina ya kwanta nan take. Na ce Park Hill za ni, wurin abokina Mumuni. Ya ce shi direba ne, kuma ai hanyarsa ce. Muka yi ciniki har ƙofar gida, muka kama hanya yana ta ba ni labarin yadda namu ke riƙe juna a ƙasar nan. Da muka isa bakin ruwa ya sauke mini akwati, ya nuna wani ƙaton gini, ya ce, "Shiga nan ka hau ferry, kana tsallakewa ka iso." Kafin in haɗa magana ya ja motarsa.

A ƙofar ginin wani mai fara'a ya sayar mini da tikiti. Na shiga jirgin ina miƙa wa duk mai kaki takardar, ba wanda ya karɓa. Wata dattijuwa baƙar fata ce ta ja hannun rigata ta zaunar da ni, ta ce, "Ɗana, wannan jirgin ba a biyansa." Ni ɗan Kumasi ne, ban taɓa hawa kan ruwan da ya fi Rafin Subin ba, don haka da jirgin ya motsa na ƙanƙame benci da hannu biyu. Ba ta yi mini dariya ba. Da muka sauka a St. George ta raka ni har wurin bas, ta gaya wa direba inda zai sauke ni, ta tafi ban ko tambayi sunanta ba.

A gida ni Ticha Iliyasu Madugu ne. Na koyar a firamare shekaru da yawa, iyayen yara na gaishe ni da rusunawa, kuma sunan gidanmu na ƙara mini tsawo. Tun ina yaro na san cewa mu jinin madugu ne, shugaban ayarin fatake masu ɗaukar goro daga Gwanja zuwa Kano. Ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini haka, sunan ne ya faɗa, ni kuma na ƙara masa gishiri.

Mumuni ya bar ni na huta kwana biyu a falonsa, sannan ya ce, "Chale, abokina, nan ba Ticha, ba Madugu. Akwai car wash, akwai home care. Ka yi choosing."

Na ce, "Home care ɗin mene ne aikinsa?"

"Ka wanke tsoho, ka ba shi abinci, ka yi changing ɗinsa."

"Ni?"

"A'a, ni. Shekara nawa kake zato ina yi?"

Na zaɓi wankin tsofaffi saboda aƙalla a cikin ɗaki ake yi, ba wanda zai gan ni. Bayan na gama horon, in na kira gida sai in ce a ɓangaren lafiya nake aiki. Matata ta gaya wa maƙwabta ina asibiti, ban gyara mata ba.

Gidan da aka tura ni yana kan tudu sama da St. George, tsohon gidan katako mai taga babba da ke kallon tashar ruwa. Mai gidan sunansa Walta, ya haura casa'in, ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa amma idonsa da bakinsa na nan garau. Ranar farko ya ce in riƙa kiransa Walta. Na gwada, bakina ya ƙi. Ta yaya zan kama sunan sa'an kakana gatsau? Na ce masa Baba, na bayyana masa ma'anar. Ya ce to shi ma ba zai wahalar da harshensa da Iliyasu ba, Ticha zai ce. 'Yarsa Linda, wadda ita ma ta manyanta, tana zaune a New Jersey, tana zuwa ƙarshen mako da kayan abinci da tambayoyi.

Ba zan ɓoye ba, makonnin farko na yi kuka a banɗakinsa. In na ɗaga shi na cire masa ƙunzugu, sai in kawar da kaina, shi ma ya kawar da nasa, kowa na jin kunyar ɗan'uwansa. Shi ya fara warware abin. Wata safiya ina goge masa baya ya ce, "Ticha, na daɗe ina wanke banɗakin jirgi kafin a yarda in taɓa sitiyari. Kai ka fara daga sama, mutum kake wankewa."

In na gama shirya shi sai in tura kekensa gaban taga. Nan yake wuni. Ya san kowane irin jirgi, mai kwantena, mai man fetur, mai motoci, har da ƙananan da ke jan manya. Ya taɓa ce mini, ba da wasa ba, "Ranar da aka raba ni da tagar nan, a kira mai haƙa kabari kawai." Linda ta daɗe tana son mayar da shi gidan kula da tsofaffi kusa da ita. Sharaɗin da suka yi shi ne zai zauna a gidansa muddin yana ci yana sha.

A gaban tagar ya fara ba ni labarin yaƙi. Bai kai ashirin ba lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya shiga aikin jiragen dakon kaya. Ya ce shi ba soja ba ne, ba a ba su kaki ba, lebura ne na teku. Ya nuna mini inda wata babbar gada take yanzu, ya ce a wancan zamani ba gada, jirage ne ke taruwa a wurin su jefa anga suna jiran juna, wannan ɗauke da alkama, wancan da man fetur, wani da harsasai, wani an ɗaɗɗaure motocin soja a kansa. Ba mai fita shi kaɗai, don jiragen ƙarƙashin teku na abokan gaba na kwance a hanya. Sai an cika, a jera su sahu-sahu, a naɗa wani tsohon kyaftin ya shugabance su, jiragen yaƙi na zagaye da su a gefe, sannan a ɗunguma zuwa Ingila.

Na buga cinya na ce, "Baba, ai wannan ayari ne!"

Ya sa na maimaita kalmar har ya iya. Daga ranar muka sami abin hira. Ya ce duka jiragen na tafiya ne da saurin wanda ya fi kowa nawa. Na ce mu ma jakin da ya fi gajiya shi ke yanke tafiyar yini. Ya ce ba a kunna fitila, ba a shan taba a fili, ba a zubar da shara da rana don kada a bi sawu. Na ce fatake ma ba sa hura wuta a dajin 'yan fashi. Ya ce da takalmi suke kwana. Na ce kakan mahaifina da takobi yake kwana. Rabin abin da nake faɗa na ji a bakin tsofaffi, rabi kuwa a nan take nake ɗinka shi. Yana jin daɗi, yana cin abincinsa, ni kuma na sami wurin da nake komawa Madugu.

Ranar da na ɓata komai Asabar ce. Da safe cikinsa ya ɓaci, ina durƙushe ina goge ƙasa Linda ta shigo tana waya, na ji ta ce wa wadda suke magana, "Bari in fita, yaron da ke kula da shi na share wurin." Yaro. Ina da furfura a gemu da 'ya'ya huɗu. Ba da mugunta ta faɗa ba, amma kalmar ta zauna mini a rai har azahar. Da ta fita kasuwa na kawo wa Baba miyarsa, na zauna kusa da shi ina neman inda zan miƙe tsawona.

Wani jirgi na fita, ya ce, "Ga wani memban ayarinku." Sai na kama. Na ce, "Baba, ka san abin da ya sa ayarinmu ya fi na kowa? Ba a barin mutum a baya. Ko jaki ne ya karye sai an tsaya. In mutum ya faɗi, madugu zai sauke kaya a zauna har ya tashi ko a binne shi. A wurinmu wanda ya wuce ya bar ɗan'uwansa a hanya ba a ƙara kiransa mutum, ko gaisuwarsa ba a amsawa." Na ji daɗin yadda maganar ta fito, har na ƙara da cewa, "Na san ku ma haka kuke."

Ya ajiye cokali. Ya ce ya ƙoshi, in mayar da shi gado.

Bai ci abincin dare ba. Washegari ya sha ruwa kawai. Na yi masa kunun hatsi, na yi masa ƙwai, na gasa burodin da yake so, ya ce in kai kicin. Ya daina neman taga, ya juya fuskarsa bango. Likita ya zo ya duba bai ga wata sabuwar cuta ba. A tsakiyar mako Linda ta tsayar da ni a kicin, idonta ja, ta ce, "Ka san abin da ya same shi? Ya faɗa maka wani abu?" Na ce ban sani ba. Gaskiya ce a lokacin, amma ba cikakkiya ba, don na san a kan wace magana cokalin ya sauka. Ta ce ta riga ta kira gidan tsofaffin, in bai ci ba zuwa Litinin za su turo mota.

Ranar Juma'a da na dawo daga masallaci na shiga ɗakinsa, na cire hula, na durƙusa a gaban gadon kamar yadda ake yi wa babba in an yi masa laifi. Na ce, "Baba, bakina ya yi maka wani abu. Ban san mene ne ba, amma ka yafe mini."

Ya juyo ya dube ni. "Tashi daga ƙasa, Ticha, ba coci ba ne nan."

Na ƙi tashi. Ya daɗe yana kallon rufi, sannan ya fara magana a hankali, ba tare da ya dube ni ba.

Yana da wa, sunansa Tomi. A wata tafiya aka sa su a ayari ɗaya, jirgin Tomi na gaban nasu a sahu, ɗauke da man fetur. Kullum da safe Tomi kan fito bayan jirginsu ya kaɗa riga, shi kuma ya kaɗa tasa. Wata safiya a tsakiyar teku, rana ta fito sarai, shi ke riƙe da sitiyari, aka harbi jirgin Tomi. Ya ce ƙarar ba ta kai hasken ba. Kafin su iso wurin jirgin ya rabe, ruwa ya cika da mai da kawunan mutane, duk sun yi baƙi ba ka gane kowa, suna ɗaga hannu suna kira.

"Dokar ita ce ba a tsayawa," in ji shi. "Jirgin da ya tsaya shi za a harba na gaba, na bayansa kuma ya hau kansa. Akwai jirgin da ke bin baya yana tsintar mutane, amma a wannan tafiyar tun kwana biyu aka nutsar da shi. Kyaftin ya dafa kafaɗata ya ce in riƙe hanya. Na riƙe. Na iya aikina, Ticha, ko kaɗan ban karkace ba. Ta tsakiyarsu muka bi."

Ya ce bai sani ba ko Tomi na cikin masu kiran. Ya gaya wa mahaifiyarsu cewa nan take ya mutu, bai sha wahala ba. Matarsa ta rasu ba ta ji wannan labarin ba, Linda ma ba ta sani ba, kuma ba ya so ta sani. "Na yi shekara saba'in ina gaya wa kaina kowa ma haka zai yi. Sai ga ka da mutanenka da jakunanku."

Ban san yadda na fito daga gidan ba. A bas ɗin Park Hill na zauna can baya, ina jin kamar kowa ya san abin da na yi. Na zo ƙasar mutane ina ƙyamar kashin tsoho, ashe abin da ke fita daga bakina ya fi shi wari.

Da safiyar Lahadi na kira Goggo Azumi, yayar mahaifina, wadda ta fi kowa tsufa a gidanmu. Ina so ta ba ni wani labarin kakanmu madugu, ko da guda ɗaya ne da ya taɓa barin wani, in kai wa Baba. Bayan gaisuwa da tambayar sanyi na ce, "Goggo, kakanku madugu, in mutum ya faɗi ciwo a hanya yaya yake yi?"

Ta ce, "Wane madugu?"

"Kakanku. Baban Malam Madugu."

Ta yi dariya har da tari. "Iliyasu, kai da karatunka duka? Wa ya ce maka shi madugu ne? Yaron wani ne, jaki yake kora. Ko jakin ma ba nashi ba ne."

Ta ci gaba. Ta ce sun taso daga Salaga da goro, agana ta kama shi a hanya. Na ce, "Ayarin ya tsaya?" Ta ce, "Ya tsaya ya yi me? Goro na jiran mutum? Ruwa na zuwa, rafi zai cika, ga ciwon na kama mutane. Suka sa shi gindin itace kusa da wani kauye. Madugu ya sauko daga doki da kansa, ya aje mishi goran ruwa, da gari, da farin kyalle. Ka san na mene ne kyallen. Suka wuce." Wata mata a ƙauyen ce ta yi jinyarsa. Da ya warke bai san hanyar Kano shi kaɗai ba, ya gangaro kudu har Kumasi, ya zauna a zango.

Na ce, "To sunan fa?"

"Da ya haifi dan fari ya sa mishi sunan madugun nan, Isa. Ka san ba a kiran sunan dan fari, shi ne ake ce mishi Madugu, har ya bi mu."

"Mutumin da ya yar da shi ya yi wa takwara?"

"Babanmu ya ce ya tambaye shi haka. Kakan ya ce mutane da yawa madugu ke dauke da su a wuya, ba shi kadai ba. Ya ce da shi ne a kan dokin, haka zai yi." Sai ta ƙara da cewa, "Kai dai ka rika tambaya kafin ka rika fadi."

Litinin da sassafe na hau tudu. Na tarar Linda ta turo kwalaye an jingine a zaure, ita kuma tana hanya. Na dafa kunu, na shiga da shi ɗakin Baba, na ajiye a gefe. Wannan karon a kujera na zauna. Na ce, "Baba, ƙarya na yi maka. Ba na cikin jinin madugu. Ni jikan wanda ayari ya bari ne a gindin itace." Na ba shi labarin duka yadda Goggo ta ba ni, da jakin da ba namu ba, da farin ƙyallen, da sunan. A raina kuwa, ba zan ɓoye ba, ina jiran in ga fuskarsa ta saki, in zama wanda ya kawo magani.

Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Ya sa wa ɗansa sunan mutumin?"

Na ce, "Ƙwarai."

Ya gyaɗa kai. "Mutumin kirki ne kakanka." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma shi an bar masa ruwa, Ticha. Mu a cikin ruwa muka bar su."

Na zauna da hannuwana a cinya, na gane cewa abin da na fasa ba irin wanda ake ɗinkewa da labari ba ne. Muka ji ƙarar motar Linda a waje. Ya dubi ƙofa, ya dube ni, ya ce, "In suka tafi da ni, kai ina za su kai ka?"

Na ce kamfani zai nema mini wani gida.

"Wani gidan ba za su jure surutunka ba. Ɗaga ni. Kai ni taga, ka kawo kwanon nan."

Linda ta shigo ta same shi a gaban taga, ina ba shi kunu yana haɗiya da ƙyar, kamar mai shan magani. Ta saki jakarta a ƙasa. Ta tsaya tana kallo har ya kusa shanye rabi, sannan ta ce, "Yaya aka yi? Me ka yi masa?"

Baba ne ya amsa. "Labarin kakansa ya ba ni. Ki mayar da kwalayenki."

Ta kama hannuna da hannu biyu tana kuka tana godiya, ta kira ni Mista Madugu, abin da ba ta taɓa yi ba. Na sunkuyar da kai, ta ɗauka kawaici ne.

Ya ci gaba da ci, kaɗan-kaɗan, amma bai ƙara ce wa wani jirgi ayari ba, ni ma ban ƙara ba. Mukan zauna a tagar mu yi shiru. Ya ga ƙarshen sanyin nan, ya rasu da bazara a kan gadonsa, a gidansa.

Duk aikin da na samu a garin nan tun daga lokacin ta bakin Linda na same shi. Ita ke gaya wa ƙawayenta cewa akwai wani ɗan Ghana da ya dawo da mahaifinta daga bakin kabari, kuma duk ƙarshen shekara sai ta kira ta gaishe ni. Sau da yawa na ɗauki niyyar in gaya mata cewa ni na tura shi bakin kabarin. Amma in na faɗi nawa sai ta tambayi wace magana ce ta hana shi ci, daga nan kuma sai na faɗi na Tomi, wanda ba ni aka bar wa in faɗa ba. Don haka in ta yi godiya, amsawa nake yi.